Wutsiyar Motata

Daga gonata zuwa Yorkton kilomita tamanin da huɗu ne,
sau uku a mako nake cin wannan hanya.
Can Nadia take, a gidan jinyar tsofaffi,
ɗaki na sha biyu, mai taga ɗaya.
Fanshona bai san da wannan tafiya ba,
gidan mai kuwa har sunana ya riƙe.

Jikata Halyna ce ta ce,
"Kaka, ba hanya ke shanye maka mai ba, iska ce."
Na yi dariya.
Shekara hamsin ina noman alkama a Saskatchewan,
iska ta kwantar min da gona, ta yaye min rufin rumbu,
ashe har aljihuna take lalube.

Bayan zaɓe muka bi titi muna tsintar allunan 'yan takara,
na roba, marasa nauyi.
Na yanka, na ɗaure su a cikin motar ta ƙasa,
fuskokinsu na kallon kwalta.
Ranar ce ɗayansu ya fara cika min alkawari.

Na kwance ƙarafan kaya daga rufi,
na toshe rabin hancinta da tsohon faranti,
tayoyin baya na sa musu zane.
Wutsiya ce ta ba ni wuya.
Asabar uku ina fere falanki,
ta farko ta tashi sama kafin in kai Canora.
Stepan Boychuk ya kawo min ita a bayan tarakta,
ya ce, "Orest, kifinka ya yar da jela a gonata."

To, yaya ake ganin iska, abar da ba ta da launi?
Halyna ta ce da zare.
A kwandon Nadia akwai rigar sanyi
da hannu ɗaya ya rage ta gama.
Jan ulu.
Na daɗe a tsaye riƙe da almakashi.

Muka liƙa guntaye sittin a jikin mota,
ina gaba, tana bina a baya tana kallo.
Inda zare ya kwanta, an yi sulhu.
Inda ya yi ta rawa kamar ya taka garwashi,
nan kuɗina ke zuba.
Na rage, na ƙara, na karkata,
har rawar ta mutu.

Ga littafina nan, ban iya ƙarya da fensir ba:
da lita bakwai da ɗigo biyu a kilomita ɗari,
yanzu shida da ɗigo ɗaya.
Stepan ya ce ba ta kai kuɗin shayi ba.
Tafiya biyu ce a wata, Stepan.
Lahadi biyu.

Nadia ta bar sunana tun bara.
Wani lokaci likita nake, wani lokaci ƙaninta da ya rasu.
Jiya na tura kekenta bakin taga,
ta hango motar a ƙasa, da wutsiyarta da zanenta.
Ta yi dariya har da tari.
"Wane mahaukaci ne da wannan?"
Sai ta yi shiru, ta matso da goshi jikin gilashi.

"Uluna ne wancan," in ji ta.
"Wa ya yanka shi guntu-guntu haka?
Ka ce masa na Orest ne,
saura hannu ɗaya."