Inuwar Odell

A Toledo, bayan shagon wanki da guga,
Ohannes Derderian na da benci ɗaya, guduma biyu,
da tarin da warin gam ya bar masa.
Baduku ne. Bai taɓa jefa ƙwallo a kwando ba.
Tagarsa dai na kallon filin makaranta,
yana ganin yara na zamewa,
suna tashi da gwiwa jina-jina.
Ya ce laifin tafin takalmi ne, ba na yaran ba.
Ya samo ragowar roba wurin masu taya,
ya tsaga mata zane kamar ƙayar kifi,
Halina Wojcik ta ɗinka saman
da keken da ya girme ta.

Ni ne ɗan talla. Albashina alkawari.
Kwali arba'in a bayan tsohuwar mota,
makaranta zuwa makaranta, cikin dusar ƙanƙara,
ina zuba wa kociyoyi daɗin baki,
su latsa hancin takalmin da babban yatsa,
su ce in dawo baɗi.

Sai ga Odell Mabry.
Shekara goma sha bakwai, ƙafa lamba goma sha huɗu,
uwarsa na goge daɓen asibiti da dare.
In ya bar ƙasa, zauren kan yi tsit,
har kukan fitilu kake ji.
Na ba shi takalmi kyauta.
Wani mai hoto ya kama shi a iska,
gwiwa a naɗe, igiyar hagu a kwance tana lilo.
Dala ɗari uku muka biya.
Uwarsa ta sa hannu a teburin cin abinci, ta ba ni shayi.
Muka baƙanta hoton ya koma inuwa,
muka manna ta a dunduniyar kowane takalmi.

Tun daga ranar ba takalmi muke sayarwa ba,
tsalle muke aunawa a kwali.
Riga, wando, safa, hula, har ƙyallen share gumi.
Ni na ƙago maganar da ke allon bakin hanya:
“Ƙasa ta masu jira ce.”
Har yau ina alfahari da ita, Allah ya yafe mini.

Ohannes ya ce takalmi dai takalmi ne.
Masu jari suka yi murmushi,
suka saye shi, har da sunansa.
Ɗinki ya haye teku.
Halina ta tafi gida da almakashinta
da matashin da ta zauna a kai shekara ashirin da biyu.

Gwiwar Odell ta tsinke a shekararsa ta biyu a jami'a.
Inuwar ba ta ji komai ba.
Ta ci gaba da tashi.

Asabar da ta wuce suka sake fitar da shi,
wai na asali, dala ɗari biyu da hamsin,
har launin tsufa suka shafa wa robar.
Yara sun kwana a layi cikin barguna.
Na je da sandata in ga ƙwal.
A bakin ƙofa wani mai gadi, dogo, furfura a gemu,
yana ɗingishi, yana cewa biyar-biyar za ku shiga.
Baƙin takalmin aiki ne a ƙafarsa.
Inuwarsa na wuce shi a jaka, a ƙirji, a hula,
ba wanda ya ɗaga kai.

Shi ya fara gane ni.
“Pettiford, ashe kana nan.”
Na buɗe baki, ni da na ci abinci da baki shekara arba'in,
babu abin da ya fito.

Ya sunkuyo, ya rage murya.
“Na hagun nan matse ni yake yi.
Shi ya sa ban ɗaure igiyar ba.”

Ya miƙe, ya ɗaga hannu.
Biyar suka shiga.