Injin Likita a Ƙofar Ruwa

Sunan unguwarmu Ƙofar Ruwa,
amma ruwanmu na ɗan garuwa ne,
jarka biyu, wani lokacin ma bashi.
Nan rumfata take, tsakanin mai gilashin mota
da Hambali mai tsohon ƙarfe.
Shekara sha tara ina fama da janareto
kafin Likita Munzali ya faka a bakin kwata
da injin jirgi a bayan mota,
an naɗe shi a tsohon bargo kamar mai zazzaɓi.

Ya ce, Tanimu, tari yake yi.
Na ce, to Likita, yau kai ne mai jinya, ga benci.

Na kwance murfi.
Fulogi ya yi baƙi kamar gindin tukunya,
kafireto ya sha laka,
mai ya kwana da ruwa sun haifi tsatsa.
A wuyan farfela kuwa zaren fatsa ne
ya nannaɗe, ya nannaɗe,
har ya cinye robar da ke tsare giris.
Na ce, zarenka ne ya shaƙe shi.
Ya ce, waccan ta tsere mini ranar Asabar,
na ga bayanta, ya yi faɗin ƙyauren nan.
Hambali ya dubi ƙyauren, ya dube ni.

Ni Tiga a baki na san ta.
Shi yakan bar gari tun kafin kiran assalatu,
ba tana, ba gāra, ba koma,
sai wani cokalin ƙarfe mai ƙyalli
da ƙugiya uku a gindinsa.
Ya sake shi a baya, jirgi na ja,
cokali na rangaji kamar ɗan kifin da ya ji ciwo,
giwan ruwa ta baro kututturen da take laɓe.

Duk wanda ya zo rumfar nan ƙarfi yake nema,
a ƙara wuta, a ƙara gudu.
Likita kaɗai ya roƙe ni
in koya wa inji tafiyar hawainiya
ba tare da ya mutu ba.

Hambali ya ce, in ka kama fa?
Ya ce, in auna ta, in zare ƙugiya, in sake ta.
Hambali ya ajiye kofin shayi.
Lita talatin! Ga kifi jibge a Galadima,
a yanka maka, a wanke, a ƙulle a leda!
Likita ya daɗe yana goge tabarau.
Ya ce, shekara talatin ina riƙe mutane kada su tafi,
wasu suka zame mini duk da haka.
Can ne kaɗai nake buɗe hannu da kaina
abin ya tafi da ransa.

Babu wanda ya tanka.
Na ce wa Sagiru ya ciko duro.

Jarka shida ya ci.
Muka rataya injin a baki, ƙafarsa a ruwa.
Ja na farko, shiru.
Na biyu, atishawa.
Na uku, duro ya tafasa,
yara suka baro ƙwallo, hayaƙi ya yi shuɗi.
Na sa sukundireba ina lallashi,
kwata, rabin kwata,
har ƙarar ta sauko ta zama numfashin mai barci.
Na leƙa: ga kwanon rumfata, ga sama, ga fuskata,
duk suna rawa a tafkin da bai fi kamu huɗu ba.

Ya biya bai nemi ragi ba.
Ya ce, akwai wuri a jirgin, ƙarfe huɗu nake wucewa.
Na ce, Likita, wa zai tsare rumfa?

Zaren da na warware yana nan a ƙusa,
kusa da kalandar mai sayar da batir.
Yau Juma'a.
Tun la'asar na sallami Sagiru,
na ba Hambali ajiyar makulli,
bai tambaye ni ba, ni ma ban ce ba.
Na dai tsaya wurin mai faci
na tambayi kuɗin tsohon tub,
don ni ko a kududdufi ban taɓa iyo ba.