Gwafa Huɗu

Ɗakin Goggo Tumba a Gidaɗawa
tun gininsa bai san taga ba,
sai 'yar kafa can kusa da rufi
wadda ko kyanwa ba ta ratsawa.
Da idonta ya soma rauni ta ce,
"Ku huda min bangon gabas,
na gaji da tsintar shinkafa da lalube."

Na ɗauko diga ina rawar jiki,
Jelani magini ya riƙe min hannu:
"Yaro, aje. Wanga bango dako yake yi.
Azara tara ke kwance a kansa,
bisansu yaɓen damina sittin.
Ka yashe masa ciki ba ka tallafe ba,
kai da Goggo yau ku kwana a fili."

Ya ƙwanƙwasa da ƙotar gatari,
ya kara kunne kamar mai sayen tulu.
Nan ya amsa da ƙarfi, can ya ce fanko
inda gara ta shiga ba sallama.

Ya ja layi da gawayi, ya huda biyu a sama,
ya zura gungume ta kowace huda,
kai a ɗaka, gindi a tsakar gida.
Gwafa huɗu: biyu daga rumfarmu,
biyu aro wurin Ladan majemi
da sharaɗin a mayar kafin Juma'a.
Kowace ya ɗora ta kan falalen dutse,
ya buga mata fegi sai da ta yi ƙara.

Sannan aka fara zare tubali
ɗaya ɗaya, yadda ake cire ƙaya.
Na bakwai ya fito da shatin yatsu,
babban yatsan guntu.
Goggo ta shafa, ta daɗe ba ta ce uffan ba.
"Hannun Bunu ne. Lauje ya ci masa shi."
Ta tura tubalin ƙarƙashin gado.

Wajen la'asar rufi ya yi nishi,
ƙasa ta zubo min a wuya.
Ban san sa'ad da na kai zaure ba.
Jelani ko gezau, tafinsa na jikin gwafa:
"Dawo. Kaya ne ke sauya kafaɗa."

Na sayo rodi da siminti don linta,
ya dube su, ya ce in mayar kasuwa,
laka da siminti ba su ga maciji.
Ya gitta azara uku, baƙar giginya,
kowane kai ya nutse kamu guda a bango,
ya cuccusa kwaɓi mai makuba
da hannu, har gwiwar hannu.

Kwana biyar muna sunkuyawa mu wuce.
Ƙanwata ta ɗaure akuya a gwafa ɗaya,
faɗan da ya yi, har Marina sun ji.

Ranar saukewa ya yi bisimilla,
ya sassauta fegin farko, ya saurara.
Na biyu. Na uku. Na huɗu ya faɗi da kansa.
Ko ƙwayar ƙasa ba ta motsa ba.

Hantsi ya shigo ya zauna kan tabarma.
Goggo ta ɗaga kai ta ƙare wa rufi kallo:
"Ashe haka yana ta cinye ɗakin nan
kuna gani ba mai faɗa min?
Miƙo tsintsiya."

Gwafar Ladan sai Lahadi na mayar.
Har yau in na gaishe shi, sai ya tuna min.