Wankin Fuska a Awaji

Kaka Shizue ta ɗebi ruwa da ludayin gora
a ƙofar ɗakin bauta, ta zuba mini a hannun hagu.
Ta ce: Tomoe, zuri'ar nan daga wanka ta fara.

Izanagi ya dawo daga ƙasar matattu
da warin kabari a jikinsa,
ya faɗa kogi.
Ya wanke idon hagu, Amaterasu ta fito, gari ya waye.
Ya wanke na dama, sai ga Tsukuyomi, farin wata.
Ya wanke hanci,
nan Kaka ta yi dariya har haƙorin zinariyarta ya leƙo,
sai Susano'o, ɗan guguwa, wanda bai san zama ba.

Uba ɗaya, ruwa ɗaya.
Amma Wata ya je baƙunci gidan uwar abinci,
ya ga tana fito da girki daga bakinta,
ƙyama ta kama shi, ya zare takobi.
Daga gawarta shinkafa ta tsiro, da gero, da wake.
Rana ta ce: ni da kai har abada.
Ta kuwa riƙe maganarta.

Kaka ta yi shiru.
Na san ƙaninta Kiyoshi na can tsallaken ruwa, a Kobe,
shekara talatin da ɗaya ko wasiƙa,
kan gonar albasar da ya sayar.

Da muka fito da la'asar,
wata ya ɓullo, rana ba ta faɗi ba tukuna.
Na nuna mata.
Ta ce: na gani. Ai ba magana suke yi ba.
Amma ta daɗe a tsaye tana kallo,
hannunta bai bushe ba.