Daren Da Kuran Ya Ɗauke

A Zango, gidan Mutari mai gyaran rediyo,
tele ɗaya ce tak a layinmu,
baƙi da fari, bisa akwatin sabulu,
an ɗaure eriyarta da igiyar guga.
Laraba bayan lisha tsakar gida kan cika,
masu tabarma gaba, mu yara bisa bulo,
wanda ya makara bai ga ko hular komiser ba.

Komiser ɗin nan dogo ne mai gashin baki,
taba a leɓe, ba ya kunna ta,
motarsa sai an tura take tashi.
Ran nan aka kashe mai shagon zinariya,
agogo na hannunsa, kuɗi na aljihu,
ko tagar ɗakin ba a taɓa ba.

Ya tara mutanen gida a falo,
ya ɗaga yatsa, ya buɗe baki zai faɗi suna,
ɗif! Kuran ya ɗauke.
Muka zauna har sauro ya ƙoshi,
wuta ba ta dawo ba.

Nan cikin duhu aka buɗe kotu.
Ma'azu, tsohon jandarma, ya yi gyaran murya:
"Direban ne.
Shekara ashirin ina sa wa mutane ankwa,
ban taɓa ganin mai gaskiya da yawan gaisuwa haka ba."

Barira mai ƙosai ta tafa hannu:
"Matar ce, wallahi!
Ni na yi takaba, na san yadda ido ke kumbura.
Ita ko, kuka har ƙasa,
amma ko kwallinta bai zuba ba."

Tsahiru tela bai damu da gawa ba,
kafaɗar kwat ɗin komiser yake ta yabo.
Mushe Lawali na lakwal, mai juya mana Faransanci,
ya ce ƙanen mamacin ne, maganar gado ce,
"Na ji wata kalma da ku ba ku ji ba."

Sai Gwamma daga can gindin randa,
tsohuwar da ke zuwa don shan iska kawai:
"Likitan ne.
Ya shigo gidan da ya ce bai sani ba,
ya miƙe har ɗakin gawa,
bai tambayi kowa hanya ba."

Aka fashe da dariya.
"Ke da ko gaisuwar Nasara ba ki ji?"
Ta ɗau takalmanta a hannu, ta fita,
ba ta sake tanka wa kowa ba.

Gardama ta bi mu layin famfo,
ta bi mu suna, ta bi mu zaman makoki.
Wata biyu Ma'azu bai sayi ƙosan Barira ba.
Tele ta mutu, Mutari ya bi ta,
Gwamma ma, a shekarar da tapki bai cika ba.

Jiya jikana ya tono mini shi cikin waya.
Ashe komiser bai kai tsawon da na ba shi ba,
bangon falon ma kwali ne, yana rawa.
Ya ɗaga yatsa.
Na kalli ƙwan fitila, na riƙe numfashi.
Yatsan ya tsaya kan likita:
"Ka shigo, ba ka tambayi hanya ba."

Da safe na je wa Ma'azu da labari.
Ya karkato kunnen da ya rage masa, ya yi tsaki:
"Sauya ƙarshen suka yi.
Ƴan zamani ba abin da ba su iya ba."

Na biyo ta ƙofar Gwamma.
Wata yarinya na wanke tukunya a zaure.
Na yi sallama, ta amsa, tana jira.
Shekara talatin da huɗu na zo biya,
ban san wa zan miƙa wa ba.