Tafkin Kuza

Mun baro Zariya da asuba, ni da Tasi'u,
tsohuwar fijo tana tari tun daga Saminaka.
Mun haye hawan Jos da giya ta biyu da salati,
muna wuce Bukuru murfin injin ya soma tururi.
Tasi'u ya ce, "Ba ciwo ba ne, ƙishi ne, tana son ruwa."

Ɗan gari ne da ba ya cikin lissafinmu:
titi ɗaya, kwaleji ɗaya, shagon fotokwafi har uku.
Shingen kyarana ya kewaye gonakin dankali,
duwatsu sun goyi juna kamar da gangan aka ɗora su.
Sanyi kuwa bai jira mun gama sallama ba,
ya shige ta wuyan riga ya zauna kamar ɗan'uwa.

Wata mai gasa masara, Kaneng sunanta,
ta nuna mana hanya da maficin hannunta:
"Ku bi ta bayan ɗakin kwanan ɗalibai, ku gangara.
Amma ku ɗiba daga baki.
Ba a san gindinsa ba, kuma ba ya jin kuwwa."

Na sauka da jarka.
Kore ne, irin koren tsohuwar kwalba,
shiru kamar masallaci bayan lisha.
A gefe ɗalibai sun baje takardu,
kowa ya danne tasa da dutse saboda iska.
Ɗaya yana haddar sunayen ƙasusuwan hannu,
yana taɓa nasa ɗaya bayan ɗaya,
gobe jarrabawa.

Na tambaye shi sunan tafkin.
Ya ɗaga kafaɗa: "Rami ne fa. Na masu kuza, tun zamanin Turawa."

Sai na ajiye jarkar.

Kakana Barau ya yi shekara bakwai a ramin kuza.
Daga Kudan aka kwaso su, samari, ba wanda ya taho da bargo.
Bai taɓa faɗa mana sunan wurin ba.
In mun matsa masa sai ya ce, "Can inda sanyi ke cizo,"
ya murza yatsun nan nasa biyu da ba sa miƙewa.

Ban ce nan ne ba.
Ramukan da yawa, kowane kwari a ƙasar nan da nasa idon.
Amma wani ne ya kwashe ƙasar wurin nan kwano-kwano a ka,
ya hau da ita, ya sauko, ya sake hawa,
a kan sulallan da ba su kai shi gida ba,
har sama ta sami inda za ta tara damina tamanin,
har yaro ya sami inda zai zauna ya ƙirga ƙashinsa
ba mai bulala, ba mai tsawa.

Na tsoma hannu, sanyin ya kai mini har haƙori.
Kazar ruwa ta ratsa, ta ja layi, layin ya rufe.
Na so in yi addu'a, na rasa sunan da zan kama,
sai na ce, Allah ya ji ƙan duk wanda ya haƙa,
da na littafin albashi da wanda aka manta a rubuta.
Ɗalibin ya ce amin bai ɗago ba,
yana kan babban yatsa, yana ta maimaitawa.

Tasi'u yana ta danna hon daga sama.
Fijo ta sha, ta yi gyatsa, ta tashi.
Kaneng ta ƙi karɓar kuɗin masara ta biyu,
ta ce ai baƙo raɓa ne, mu gaida gida.

Ragowar ruwan na bayan kujera,
duk kwanar da muka sha sai ya bugi jarka ya yi magana.
Wajen Akwanga Tasi'u ya ce in zubar, yana damun sa.
Na ce bar shi, hanya da nisa,
ni kuma ban gaji ba da jin sa yana kaɗawa.