Tabkin da ke Ƙarƙashin Gado

Da sassafe muka kafa injin haƙa
a tsakar gidan Doña Hermelinda, a Tláhuac,
tsakanin igiyar shanya da bishiyar lemo.
Ta kawo mana kofi a kofin da bakinsa ya ɓalle,
ta ce, "Injiniya, ƙofata ta daina rufuwa
tun daminar da maigidana ya rasu.
Na ɗauka shi ne yake tokare ta."

Ban yi dariya ba.
Na ari ƙwallon gilashin jikanta, na ajiye a kan daɓe.
Ya yi jim, kamar mai tuna hanya,
sannan ya gangara kudu,
ya shige ƙarƙashin gado.

Eusebio ya tayar da inji.
Mita ɗaya: ɓaraguzai, murfin kwalba, ƙashin kaza.
Mita uku: baƙar ƙasar gonakin da.
Daga nan bututu ya nutse da kansa,
ba duka, ba dannawa,
kamar yatsa a man shanu.

Abin da ya fito laka ce, toka-toka da ratsin kore,
mai sanyin hancin kare.
Na matse ta a tafi,
ruwa ya bi hannuna har gwiwa.
A tsakiyarta ga ƙwanson dodon-koɗi,
bai fi ƙwayar shinkafa ba,
lafiyarsa ƙalau, ko tsaga babu.
Shi bai ji labarin an cike tabki ba.
Ba wanda ya gaya masa an yi titi,
an yi kasuwa, an yi coci a bisa kansa.

Birnin nan yana shan ruwan da yake zaune a kai.
Famfuna na zuƙa dare da rana,
laka na motsewa,
gidaje na durƙusawa a hankali,
wannan kusurwa ta riga waccan.

An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.
Mu ma haka muke, masu awon ƙasa:
ba a tuna mu ranar biki.
Na manna siririn gilashi a kan tsagar bangon kicin,
na rubuta kwanan wata da fensir a gefe.
In ya fashe, bango na tafiya.
In bai fashe ba, hutawa yake.

A ofis, Fulgencio ya duba takarduna,
ya ce in sassauta harshe,
in sa "ana buƙatar sa ido," kar tsohuwa ta firgita.
Na ce ramin ƙarya ƙurarre ne,
namu kuwa mita talatin muka haƙa.
Na bar lissafina yadda ya fito.

Da na koma da rahoton, shafi goma sha tara,
ko buɗewa ba ta yi ba.
"Faɗa mini da baki," in ji ta.
"Ni zan riga shi, ko shi zai riga ni?"

Na ce bangon kudu na son ƙafa sabuwa,
a rage masa nauyin tankin ruwan da ke saman rufi,
kuma kada a ɗora benen da ɗanta yake mafarki.
Sauran kuwa, ban sani ba.
Wannan ma na rubuta shi, a shafi na sha bakwai.

Ta gyaɗa kai, ta miƙo hannu.
Ba takarda take so ba.
Ƙwanson nan take so.
Ta ɗora shi a bakin taga, kusa da hoton maigidan.

Eusebio, da ba aikinsa ba ne,
ya ciro ƙofar, ya kankare gindinta, ya mayar.
Ta rufu ruf.
Tsohuwa ta tsaya tana kallonta,
sannan ta sake buɗe ta kaɗan,
daidai yadda ta saba.